Waƙoƙin Dajin Ostiraliya: Mawaƙan da Na Fi So da Aikin da Amsa-amo Ke Yi a Cikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatun adabin Turanci, a wannan zangon kuma an ba mu wasu waƙoƙin ƙasar Ostiraliya da ake kira waƙoƙin daji. Na lura dukkansu suna da amsa-amo da kari a tsare kamar rubutattun waƙoƙinmu, alhali malaminmu ya ce manyan mawaƙan Turanci na zamani sun daɗe da barin wannan salo. A cikin mawaƙan dajin wa ka fi so? Kuma amsa-amon nan yana da wani amfani na gaske, ko riƙon tsohuwar al'ada ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka taɓo min inda ke yi min ƙaiƙayi, don haka sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Bari mu fara da kalmar daji ɗin kanta, domin tana iya ruɗar Bahaushe. Mutumin Ostiraliya idan ya ce "bush" ba kurmi yake nufi ba. Yana nufin duk faɗin ƙasar da ke bayan biranen bakin teku: manyan filayen kiwon tumaki da shanu, ƙananan garuruwa masu mashaya ɗaya da coci ɗaya, kogunan da ke ƙafewa shekara biyu sannan su yi ambaliya a ta uku. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 arziƙin ƙasar ya rataya ne a kan gashin tumaki, mutanen da ke wannan aiki kuwa kusan duk 'yan ci-rani ne. Akwai masu askin tumaki da ke bin garke-garke idan lokacin aski ya yi, akwai masu korar shanu da ke yin watanni a hanya, akwai masu sintirin shinge da kan yi makonni ba su ga mutum ba, akwai kuma masu yawon neman ƙodago da ƙunshin shimfiɗarsu a baya. Waɗannan su ne masu sauraron waƙoƙin da aka ba ku. Idan ka manta da su, ba za ka gane dalilin amsa-amon ba.

Mutumin da duk abin da ya mallaka yake ƙunshe a cikin bargo ba shi da wurin ajiye littafi. Wasunsu ma karatun bai zauna musu sosai ba. Abin da suke da shi shi ne dare mai tsawo, wuta, gwangwanin shayi, da wani a cikinsu mai kai. A 1880 J. F. Archibald da John Haynes suka kafa mujallar The Bulletin a Sidni, mai fita mako-mako, ta kuma buɗe shafukanta ga duk mai aiko da baiti daga karkara. Kwafi ɗaya yakan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a rumfar aski har ya yage, shi ya sa aka yi mata laƙabi da Baibul ɗin mutanen daji. Takarda ta yage, waƙar da ta shiga kai ta zauna. To wace waƙa ce ke shiga kai? Wadda aka gina ta don ta shiga.

Ga yadda abin yake aiki. Idan mai faɗar waƙa ya kai tsakiyar ɗango ya kakare, abubuwa uku ne ke ceto shi. Labarin yana gaya masa abin da ya kamata ya faru a gaba. Kari yana gaya masa gaɓoɓi nawa suka rage da inda nauyin murya zai faɗa. Amsa-amo kuma yana gaya masa sautin da ɗangon zai ƙare da shi. Idan ka haɗa ukun, kalmomin da za su iya shiga wannan gurbi ba su fi biyu ko uku ba, galibi ma ɗaya ce. Kalmar da ta ɓace sai ta dawo da kanta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aliyu Namangi makaho ne, ya tsara Imfiraji a ka, makafi da almajirai kuma suka ɗauke ta a ka suka kai ta garuruwan da littafin bai taɓa zuwa ba. Hanyar da ta bi ita ce wadda waƙoƙin dajin Ostiraliya suka bi, ko da yake babu wanda ya koya daga wani. Tushen nasu daban ne: tsofaffin waƙoƙin labari na Ayaland da Sikotland da Ingila, waɗanda fursunonin da aka kora can da baƙin da suka biyo bayansu suka zo da su. Tun kafin a fara buga komai a mujalla akwai waƙoƙin baka a kan 'yan fashin daji irin su Jack Donahue, wanda 'yan sanda suka harbe a 1830. Banjo Paterson, ɗaya daga cikin mawaƙan dajin da zan kawo a gaba, da kansa ya bi ya tattara irin waɗannan ya buga su a 1905, don ya ga tsofaffin da suka haddace su suna ƙarewa.

Bambanci ɗaya da ya kamata ka riƙe: mu rera rubutacciyar waƙa muke yi, su kuwa yawancin waɗannan faɗarsu ake yi da ka, da muryar mai ba da labari, babu karin murya. Don haka duk nauyin da rauji ke ɗauka a wurinmu, a wurinsu kari da amsa-amo ne ke ɗauke da shi su kaɗai.

Akwai kuma bambancin harshe, wanda ɗalibanmu kan tsallake. Hausa mai arziƙin amsa-amo ce. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa malami zai ɗauki "-na" ko "-ra" ya ja shi baiti ɗari bai gaji ba. Turanci matalauci ne ta wannan fuska. Kalmominsa da yawa da tarin baƙaƙe suke ƙarewa, wasu ma ba su da abokin amo ko ɗaya. Saboda haka mawaƙin Turanci yakan sauya amsa-amo bayan kowane ɗango biyu ko huɗu. Karinsu ma ba irin namu ba ne. Mu tsawon gaɓa muke aunawa, mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda aruli ya koyar. Su kuwa inda murya ke dannawa suke ƙirgawa. Idan ka karanta Paterson kana ba kowace gaɓa haƙƙinta daidai wa daida, kamar yadda bakinmu ya saba, waƙar za ta mutu a bakinka. Sai ka nemi wuraren dannawa ka taka su, sauran gaɓoɓin ka bar su su wuce da gudu.

Yanzu ga mawaƙan. Idan kunne ake magana, babu kamar Andrew Barton Paterson, wanda aka fi sani da Banjo, sunan wani dokin gidansu da ya ara ya riƙa sa hannu da shi. An haife shi a 1864 kusa da garin Orange, ya tashi a karkara cikin dawaki, amma lauya ne a Sidni lokacin da ya rubuta shahararrun waƙoƙinsa. Wadda na fi so a cikinsu ita ce "Clancy of the Overflow" ta 1889, baiti takwas kacal, kowanne ɗango huɗu. Ma'aikacin ofis ne ya aika wa wani Clancy wasiƙa, amsa ta dawo daga abokin aikinsa cewa Clancy ya tafi korar shanu yankin Queensland, ba a san inda yake ba. Daga nan mai ofis ya shiga kwatanta zamansa cikin ƙura da hayaniyar birni da rayuwar wancan a sarari ƙarƙashin taurari.

Dubi ginin. A ɗango na ɗaya da na uku akwai amsa-amo a cikin ɗangon kansa, kalmar tsakiya tana amsa ta ƙarshe. Na biyu da na huɗu kuma suna amsa juna a ƙarshe. Wato kunne yana samun ƙaramin biya sau biyu kafin babban biya ya zo. Amma wurin da nake so ka lura da shi yana baiti na biyu. Paterson ya ce amsar kamar da farcen babban yatsa aka rubuta ta, an tsoma shi a kwalta, irin wadda masu aski ke shafa wa tunkiya idan almakashi ya yanke ta. Kalmar kwalta a Turanci "tar" ce. Abin da ya amsa ta a ƙarshen baitin shi ne "are", wadda marubucin wasiƙar ya sa a inda nahawu ke neman "is". Wato amsa-amon bai tsaya ba sai da kuskuren nahawun mai askin tumaki. Da ka gyara masa Turanci, baitin ya rushe. A kalma ɗaya an nuna maka ilimin mutumin, an ba ka dariya, an kuma rufe baitin. Duk wanda ya ce maka amsa-amo ado ne da ake liƙawa bayan an gama magana, ka kai shi wannan baiti.

"The Man from Snowy River" ta 1890 ita ce ta fi suna. Duƙushi mai darajar fam dubu ya tsere ya shiga cikin dawakan jeji, gwanayen mahaya suka taru, wani saurayi a kan ɗan ƙaramin doki ya zo aka so a hana shi bin su, Clancy ɗin nan ya tsaya masa. Da dawakan jejin suka gangara wani mugun gangaren dutse kowa ya ja linzami, yaron kaɗai ya bi su ya komo da su. Baiti 13 ne, kowanne ɗango takwas, dogon ɗango mai dannawa bakwai yana bin gajere mai biyar, amsa-amon kuma a sarƙe, na ɗaya da na uku, na biyu da na huɗu. Dogon ɗangon yana ƙure maka numfashi, gajeren ya ba ka damar shaƙa, kamar doki mai sukuwa yana tattara ƙafafu yana miƙewa. A baitocin gangaren idan mai faɗa ya iya, za ka ga masu sauraro sun karkato gaba. Littafin da ya ɗauki sunan waƙar ya fito a 1895, bugun farko ya ƙare cikin mako guda. Yau hoton Paterson yana kan takardar dala 10 ta ƙasar, an kuma buga baitocin waƙar a jikinta da rubutu ƙanana ƙwarai. Shi ne kuma ya rubuta kalmomin "Waltzing Matilda" a 1895 a wata gonar kiwo mai suna Dagworth kusa da Winton, a kan wani sauti da Christina Macpherson ta kaɗa masa. Labarin ɗan ci-rani ne da ya saci tunkiya, ya gwammace ya faɗa tafki da ya bi 'yan sanda. A ƙuri'ar zaɓen taken ƙasa ta 1977 ita ta zo ta biyu, da kusan kashi 28 cikin ɗari.

Duk da haka, idan ka matsa min in faɗi mutum ɗaya, Henry Lawson zan ce, kuma na san kunnensa bai kai na Paterson ba. Wannan ma har a zahiri, domin ciwon kunne ya kama shi yana ɗan shekara tara, kafin ya wuce sha huɗu ya kurumce kusan gaba ɗaya. An haife shi a 1867 a filin haƙar zinariya na Grenfell, mahaifinsa mutumin Norwe, mahaifiyarsa Louisa Lawson mai buga jaridar mata. Ya tashi a ƙaramar gona marar albarka, don haka dajin da ya sani na bashi ne da fari da matar da aka bari ita kaɗai da yara. Paterson daga kan doki ya ga daji, Lawson da ƙafa ya taka shi.

A 1892 su biyun suka yi ta jifan juna da baitoci a The Bulletin. Lawson ya fara da wata waƙa da ke cewa ya je karkarar ya dawo, bai ga aljannar da mawaƙa ke faɗa ba, sai ƙura da ƙudaje da ƙishi. Paterson ya mayar masa da cewa ai ɗan birni ne da bai iya zaman daji ba, Lawson ya sake ramawa, wasu mawaƙan suka shigo. Shekaru da yawa bayan haka Paterson ya ce da shawara suka yi, Lawson ne ya kawo dabarar don a riƙa biyansu kuɗin baiti. Ko da gaske ne, saɓanin da ke ƙarƙashin wasan na haƙiƙa ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dukkansu a ma'auni ɗaya suka yi faɗan, dogayen ɗangaye masu amsa juna bibbiyu. Wanda ke yabon daji da wanda ke tona masa asiri kayan aiki ɗaya suka riƙe, don masu sauraro ɗaya suke nema. A ƙarshen 1892 ɗin Archibald ya ba Lawson fam biyar da tikitin jirgin ƙasa zuwa garin Bourke, a tsakiyar fari. Daga can ya taka sama da kilomita 200 zuwa Hungerford a kan iyakar Queensland, ya kuma tako ya dawo. Abin da ya gani ya fi abin da ya rubuta muni, kuma daga wannan tafiya mafi kyawun gajerun labaransa suka fito. Gaskiya, a zube ya fi ƙarfi. Giya da talauci suka cinye ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1922, gwamnati ta yi masa jana'izar girmamawa, wanda shi ne marubuci na farko da aka yi wa haka a ƙasar.

Waƙarsa da za ta fi yi maka kama da gida ita ce "Faces in the Street" ta 1888, ko da yake a kan talakawan birni take. Kowane baiti yana buɗewa da ɗango biyu masu amsa-amonsu na kansu, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, sannan ya koma kan sauti guda, na kalmar titi, wanda ke ratsa waƙar tun daga farko har ƙarshe. Ka ga ƙaramin amsa-amo da babban amsa-amo ke nan, kamar yadda muke da su a ƙwar huɗu da ƙwar biyar. A Turanci wannan aiki ne mai wuya, saboda talaucin da na ambata. Kuma ya yi shi da dalili: mutum yana zaune a taga yana kallon ƙafafu suna wucewa safe da yamma, sautin da ke dawowa shi ne takun da ba ya ƙarewa. Kafin ka kai ƙarshe ka gaji da sautin, gajiyar kuwa ita ce abin da yake son ka ji.

Idan kuma waƙa ɗaya tak za a bar min, ba ta ɗayansu ba ce. Ta Barcroft Boake ce, "Where the Dead Men Lie", wadda ta fito a ƙarshen 1891. Boake ya yi aikin awon ƙasa, ya yi korar shanu, ya ga ƙasusuwan mutane a hanyoyin da babu ruwa. Waƙar lissafi ce na inda gawawwakin ma'aikatan daji suke kwance, amshi ɗaya yana dawowa kamar tsaida kabari bayan kabari. A rabin baya na kowane baiti ɗango uku ne ke bin juna da sauti guda, suna hawa, sai amshin ya sauke su. A ƙarshe ya juya kan mai dukiyar da ke zaune a birni yana shan giyarsa mai tsada, bai san sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu suna tara masa ba. A nan amsa-amo ba ya ba da dariya, ba ya sukuwa. Ka san abin da ke zuwa, ba ka iya hana shi zuwa. Watanni kaɗan bayan fitowarta, a 1892, Boake ya rataye kansa da bulalar korar shanunsa a gefen Sidni, yana da shekara 26.

Ba shi ne na farko ba. Adam Lindsay Gordon, wanda ake ɗauka a matsayin mai buɗe wannan hanya, gwanin sukuwar tsallake shinge, ya harbe kansa a 1870 kwana ɗaya bayan fitowar littafinsa na ƙarshe, bashi ya yi masa katutu. An kafa gunkin kansa a kusurwar mawaƙa ta cocin Westminster a Landan a 1934. Ina girmama shi, amma ba na komawa gare shi sosai. Rabin zuciyarsa tana Ingila, har tsuntsayen Ostiraliya ya ce ba su iya waƙa ba.

Don kada ka ɗauka duk baƙin ciki ne, nemi "Said Hanrahan" ta John O'Brien, sunan alƙalami na wani limamin Katolika, Patrick Hartigan, wanda ya daɗe a garin Narrandera. Tana cikin littafinsa na 1921. Manoma ne a tsaye bakin coci suna hira. Ana fari, Hanrahan ya ce an halaka. Ruwa ya sauko, ya ce ambaliya za ta halaka su. Ciyawa ta yi kyau, ya ce gobarar daji na tafe, an halaka. Kowane gari yana da irin wannan dattijo, kai ma ka san naku. Dariyar tana cikin jira: da ka ji an kawo kalmar da ke amsa sunan Hanrahan, ka san zai buɗe baki, masu sauraro kan riga mai faɗa furta maganar. Har yau mutanen ƙasar suna jefa wa mai yawan ƙorafi wannan magana. Waƙar da ba ta da amsa-amo ba ta iya sa jama'a su amsa da baki ɗaya haka, don ba su san inda za su shigo ba.

Mata ma suna ciki, ko da yake tarihin da aka saba bayarwa yakan tura su gefe. Dorothea Mackellar ta wallafa "My Country" a 1908 tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, baiti na biyu na waƙar kuwa da wuya ka sami wanda ya yi firamare a can bai haddace shi ba. Mary Gilmore, wadda ke ɗaya gefen takardar dala 10 ɗin, ta rayu daga 1865 zuwa 1962, kuma tana cikin 'yan kaɗan na zamaninta da suka rubuta a kan abin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba zan ɓoye maka ba. Dajin waɗannan waƙoƙi na Bature ne. Mutanen da suka zauna a ƙasar dubban shekaru kafin zuwan tunkiya ko ba sa ciki, ko suna ciki a matsayin abin dariya, alhali da yawa daga cikin gwanayen kiwon shanun su ne. Haka Musulmi masu raƙuma da aka kawo daga Afganistan da yankin Indiya, waɗanda ke kai kaya cikin hamada, har suna da zango a Bourke ɗin da Lawson ya zauna. The Bulletin ta daɗe tana ɗauke da taken cewa Ostiraliya ta farar fata ce a saman shafinta, ba a cire shi ba sai a farkon shekarun 1960. Daɗin amsa-amo yana shigar da magana kai ba tare da ta tsaya a bincike ta ba, kuma ƙarya ma tana hawa wannan doki. Sai dai dokin ba na mutum ɗaya ba ne. Da Kath Walker, wadda daga baya ta koma Oodgeroo Noonuccal, ta fitar da littafinta a 1964, mace ta farko cikin 'yan asalin ƙasar da ta wallafa littafin waƙoƙi, da yawan waƙoƙin nata na neman 'yanci a cikin amsa-amo mai sauƙi ta zuba su. Masu sharhi suka ce farfaganda ce, jama'a kuwa suka saye littafin, aka yi ta sake bugawa.

Game da maganar malaminku, yana da gaskiya ta wani ɓangare. Tun farkon ƙarni na 20 manyan mawaƙan Turanci da yawa suka saki amsa-amo, kuma suna da hujja. A harshen da abokan amo suka yi ƙaranci, kalmomi ɗaya ne ke ta haɗuwa har kunne ya ƙoshi. Mai rauni yakan murɗe jimla ya kai aikatau ƙarshe don ya sami sauti, ko ya cusa kalmar da ba ta da aiki, ko ya faɗi abin da bai yi niyya ba don shi ne ya dace da amon. Cikin dubban baitocin da The Bulletin ta buga, mafi yawa irin waɗannan ne, an kuma manta da su. Lawson kansa yana da su da yawa, musamman a shekarunsa na ƙarshe da yake rubutu don kuɗin abinci. Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne: rufe kalmar ƙarshe ta ɗango da yatsa, ka tambayi kanka, da a zube ake magana, wannan kalmar za a zaɓa? Idan ita ce, amsa-amon ya yi aiki. Idan ba ita ba ce, mawaƙin ya biya sauti da ma'ana. Gwada wannan a kan Clancy, za ka yi mamakin yadda kusan ko'ina kalmar da magana ke nema ita ce wadda amo ke nema. Wannan sauƙin da kake gani shi ne mafi wuyar samu.

Inda ban bi malaminku ba shi ne idan yana nufin an wuce wurin. Waƙar da aka rubuta don ido, a karanta a ɗaki shiru, tana iya rayuwa babu amsa-amo, domin takarda na riƙe mata siffa, mai karatu yana ganin inda ɗango ya ƙare. Wadda za a faɗa a gaban mutane ba ta da takarda, amon ne ke gaya wa kunne nan ɗango ya tsaya. Aiki biyu ne daban. A Ostiraliya ma rigimar ta yi zafi. A 1943 wasu mawaƙa biyu, James McAuley da Harold Stewart, suka harhaɗa waƙoƙin zamani na gangan da sunan wani mamaci da suka ƙirƙira, Ern Malley, suka aika wa mujallar 'yan zamani, editan Max Harris ya buga su a 1944 da yabo mai yawa. Aka yi ta dariya. Sai dai daga baya wasu suka ce waƙoƙin bogin suna da kyau duk da haka, har yau ana karanta su, don haka wasan bai raba gardamar ba.

Waƙar daji kuwa tana nan da ranta, a wajen jami'a. An kafa ƙungiyar mawaƙan daji ta ƙasar a 1994 a Tamworth, garin da ake bikin kiɗan karkara duk watan Janairu, inda ake taron karin kumallo na mawaƙa, mutane na cin abinci ana faɗa musu waƙa da ka. A Winton ana gasar rubutacciyar waƙa ta Bronze Swagman tun 1972. A Corryong, gindin duwatsun Snowy, ana biki duk shekara da gasar faɗar waƙar Paterson. Sharaɗin waɗannan gasa shi ne amsa-amo da kari su tsaya daidai, jigon kuma ya shafi ƙasar da mutanenta, ko da a birni ne. Ina da ɗan ƙorafi a kansu: alƙalai kan tsananta ƙirgar gaɓa har su fi Paterson kansa, wanda yakan saki kari da gangan idan labari ya nema. Waƙar da ta ci maki duka a takardar alƙali wani lokaci takan fito kamar tafiyar agogo.

Tunda jarrabawa na gabanka, ga abin da zan ce ka yi. Ɗauki Clancy, baiti takwas ne. Sa alama da fensir a kan gaɓoɓin da murya ke dannawa, ka karanta da ƙarfi sau uku kana tafiya, ka rufe littafin ka ga nawa ya zauna. Gobe ka yi haka da wata waƙa marar amsa-amo mai tsawo ɗaya daga cikin waɗanda aka ba ku. Abin da ka samu ka rubuta shi a amsarka, tare da baitin kwaltar nan. Bayan jarrabawa sai ka nemi Boake, amma kada ka karanta shi da dare kai kaɗai.